Kwani?: Mujallar da kyauta ta haifa, ita kuma ta haifi masu cin kyauta

A watan Yulin 2002 aka sanar a Ingila cewa wani ɗan Kenya mai shekara 31, Binyavanga Wainaina, shi ne ya lashe kyautar Caine ta gajerun labarai. Da shekara ta zagayo, sai kyautar ta sake komawa Kenya, wannan karon hannun wata mata mai suna Yvonne Adhiambo Owuor. Wanda ya tsaya a kanun labari zai ce Kenya ce ta taki sa'a sau biyu a jere. Amma akwai igiyar da ta ɗaure nasarorin biyu. Labarin da Owuor ta ci kyauta da shi a 2003 ya fito ne a mujallar da Binyavanga da abokansa suka kafa bayan tasa nasarar. Sunan mujallar Kwani?, kuma alamar tambayar nan tana cikin sunan, ba a rubuta shi ba tare da ita ba.

Tarihin wannan mujalla shi ne hanya mafi sauƙi da na sani ta fahimtar abin da ke tsakanin mujallar adabi da lambobin yabo: wa ke cin moriyar wa, wa ake gani, wa ke ɓacewa a bayan fage, kuma me ke saura bayan an gama tafi an watse.

Sai an fara sanin yadda ita kyautar take aiki. An kafa ta ne don tunawa da Sir Michael Caine, tsohon shugaban kamfanin Booker na Birtaniya (ba ɗan fim ɗin nan mai irin sunansa ba), aka fara bayar da ita a 2000. Wadda ta fara ci ita ce Leila Aboulela 'yar Sudan. Kuɗin fam 10,000 ne, a kan gajeren labari guda ɗaya da ɗan Afirka ya rubuta da Turanci ko aka fassara zuwa Turanci. Akwai wani sharaɗi da mutane ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne ƙashin bayan komai: sai labarin da aka riga aka wallafa ake karɓa, kuma mawallafi ne ke turawa, ba marubuci ba. Ko labarinka ya kai zuma daɗi, muddin yana cikin akwatinka ko cikin kwamfutarka, alƙalan ba za su taɓa ganinsa ba. Dole sai wata mujalla ko wani kamfanin ɗab'i ya tsaya maka.

To a farkon shekarun 2000, ina matashin marubuci ɗan Afirka zai kai gajeren labarinsa? Amsar tana cikin yadda waɗanda suka fara cin kyautar suka shiga. Helon Habila, ɗan Kaltungo ta Jihar Gombe, wanda ya ci a 2001, shi ya buga tarin labaransa da kansa a Legas, domin bai sami mai buga masa ba. Binyavanga kuwa labarinsa, Discovering Home, ya fito ne a wata ƙaramar mujallar intanet ta Amurka mai suna G21. Gwanaye biyu a jere, babu wanda mujallar ƙasarsa ta ɗauke shi, saboda irin wannan mujalla kusan babu ita.

A Kenya abin ya fi tsanani. Kamfanonin ɗab'i sun karkata ga littattafan makaranta, inda kuɗi yake. Littafin adabi in bai shiga manhajar jarrabawa ba, ba ya fitar da kuɗin bugunsa. Ga kuma shekara 24 na mulkin Daniel arap Moi, lokacin da marubuta irin su Ngugi wa Thiong'o suka yi zaman gudun hijira. Tun 1965 marubuci Taban lo Liyong ya kira Gabashin Afirka ƙasar da adabi ba ya tsiro, maganar kuma ta yi ta bin yankin kamar inuwa har shekara kusan arba'in. Matasan Nairobi sun san cewa ana rubutu, suna karanta na junansu ta imel, suna haɗuwa suna muhawara. Abin da ba su da shi shi ne wurin da za a buga.

Binyavanga ya dawo gida da kuɗi da suna a daidai lokacin da ƙasar ke shirin zaɓen Disambar 2002, wanda ya kawo ƙarshen zamanin Moi. Da yana so, da ya kama hanyar Landan ya zauna ya rubuta littafinsa, babu mai ganin laifinsa. Sai ya zuba ƙarfinsa wajen kafa mujalla. Gidauniyar Ford ta shigo da tallafi, aka kafa cibiyar Kwani Trust, fitowar farko ta bayyana a 2003. Shi kansa littafin nasa na farko bai fito ba sai 2011, shekara tara bayan kyautar. Ina ganin wannan jinkiri yana cikin farashin da ya biya, kuma ya kamata a riƙa ambatonsa duk lokacin da ake lissafa nasarorin mujallar.

Kalmar kwani a bakin mutanen Nairobi tana daidai da mu ce "to, sai me?", irin tambayar da yaro mai tsaurin ido ke yi wa wanda ya raina shi. Mujallar ma haka take. Wanda ya ɗauke ta zai ji nauyinta a hannu kamar littafi, shafi ɗaruruwa. Ka buɗe nan ka ga gajeren labari, ka juya ka ga zanen barkwanci, gaba kaɗan hotunan titi, sai waƙa, sai doguwar hira da wani wanda jaridu ba su taɓa waiwaya ba. Wani rubutun da Turanci, wani da Swahili, wani da Sheng, wato cakuɗaɗɗen harshen samarin Nairobi da direbobin motocin haya, wanda malaman makaranta ke ɗauka gurɓataccen yare ne. Buga Sheng a takarda mai kyau, kafaɗa da kafaɗa da Turancin 'yan jami'a, shi kansa bayani ne kan wa ya cancanci a kira shi marubuci. Suka kuma haɗa da zaman karatu na wata-wata a Nairobi, inda kowa ke iya hawa ya karɓi makirufo ya karanta abin da ya rubuta.

A cikin wannan yanayi labarin Owuor ya fito, mai suna Weight of Whispers. Labarin wani ɗan babban gida ne daga Ruwanda da ya tsere zuwa Nairobi tare da mahaifiyarsa da 'yar uwarsa da matar da zai aura lokacin kisan kiyashin 1994, yana zaton zaman 'yan kwanaki ne kafin ya wuce Turai. Kuɗi suka ƙare, takardun tafiya suka ƙi fitowa, mutunci ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan, ga kuma raɗe-raɗin da ke binsa kan hannun da ake zargin yana da shi a abin da ya faru a gida. Labari ne mai nauyi, mai buƙatar haƙurin mai karatu, irin wanda shafin adabi na jaridar ƙarshen mako ba shi da wurin ɗauka. Da alƙalan Caine suka zaɓe shi, sun yaba wa marubuciya ɗaya, amma a kaikaice sun sa hannu a kan hukuncin editocin wata jaririyar mujalla da ko shekara ba ta cika ba.

Abin da kyauta ke yi wa mujalla yana farawa ne daga akwatin saƙonta. Marubucin da jiya yake tunanin tura labarinsa Landan ko New York, yau sai ya ce bari ya gwada Nairobi tukuna, tunda daga can ma ana cin Caine. Labarai masu kyau suka ƙaru, edita ya sami abin zaɓe, fitowa ta gaba ta fi ta baya, damar sake shiga gasa ta ƙaru. Masu ba da tallafi su ma suna son abin da za su nuna a rahotonsu na ƙarshen shekara, kuma babu abin da ya fi sunan kyauta sauƙin nunawa. A 2004 wani marubucin Kwani?, Parselelo Kantai, ya shiga jerin biyar na ƙarshe na Caine. Billy Kahora, wanda ya karɓi ragamar editan mujallar daga baya, shi ma ya shiga jerin sau biyu, a 2012 da 2014, kodayake labaran nasa a mujallun waje suka fito.

Amma kuɗin kyautar marubuci ake ba. Mujalla ba ta samun ko sisi. Wannan ne wurin da nake so mai karatu ya ɗan dakata. Labarin da ya ci kyauta ba haka ya faɗo daga sama ba. Akwai wanda ya tsamo shi daga tarin ɗaruruwan rubuce-rubuce, ya karanta da biro a hannu, ya ja layi a ƙarƙashin shafuka biyun farko ya ce wa marubucin labarinka daga shafi na uku ya fara, cire waɗannan. Marubuci ya ji haushi, ya yi kwana uku bai amsa waya ba, sannan ya dawo ya gyara. Aka sake mayar masa, ya sake gyarawa. Akwai mai duba kurakuran rubutu, mai tsara shafi, mai zirga-zirga zuwa maɗaba'a, mai cike takardar shiga gasa kafin ranar rufewa. Ranar biki, mutum ɗaya ke hawa dandamali, sunan mujalla kuma ya zo a ƙaramin rubutu a ƙasan sanarwa. Ba na cewa a rage wa marubuci komai, guminsa ne. Ina cewa duk ƙasar da ke son marubutanta su riƙa cin kyaututtuka amma ba ta damu da editoci da mujallu ba, tana neman nono ne ba tare da kiwon saniya ba.

Shi ya sa karramawar 2010 ta bambanta da sauran. A wannan shekara Gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan ta sa Kwani Trust cikin waɗanda ta bai wa lambar yabonta. Nan cibiyar aka karrama, da duk aikin da ba a gani. Shekara ɗaya bayan haka gidauniyar ta bai wa Chimurenga, mujallar da Ntone Edjabe ɗan Kamaru ya kafa a Cape Town, babbar kyautarta ta 2011. Ita ma Chimurenga a shafinta labarin da ya ci Caine a 2010 ya fito, na Olufemi Terry ɗan Saliyo. Kafin wannan karramawa Kwani? ta yi wani aiki da babu gasar gajeren labari da za ta iya aunawa. Bayan rikicin zaɓen Kenya na ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, wanda ya ci rayukan mutane fiye da 1,000 ya kuma raba dubban ɗaruruwa da gidajensu, mujallar ta sadaukar da fitowarta ta biyar, kashi biyu, ga abin da ya faru: shaidar waɗanda abin ya shafa, rahotannin marubutan da suka je garuruwan da kansu, hotuna da waƙoƙi. A ganina, ko da ba ta taɓa cin wata kyauta ba, wannan aiki kaɗai ya isa a tuna da ita.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Kyautar da ake yanke hukuncinta a Ingila, da kuɗin Birtaniya, ta zama ma'aunin da ake auna adabin nahiya guda. Sannu a hankali masu sharhi suka fara ƙorafin cewa labaran da ke kaiwa jerin ƙarshe sun fara kama da juna: yaran titi, sansanin 'yan gudun hijira, yunwa, yaƙi, duk ta bakin ƙaramin yaro. Zargin shi ne matasa sun gano abin da alƙalai ke so, sai suka koma rubuta shi. A 2013 Helon Habila da kansa, wanda kyautar ta buɗe wa ƙofa, ya tayar da wannan magana a sharhin da ya yi wa littafin NoViolet Bulawayo 'yar Zimbabuwe, wadda ta ci Caine a 2011, inda ya yi tambaya ko an fara samun wani salo na musamman da ake rubutawa don kyautar. A shekarar dai Chimamanda Ngozi Adichie, wadda ta shiga jerin ƙarshe a 2002 tare da Binyavanga, ta ce ita ba a Caine take neman mafi kyawun labaran Afirka ba. A 2014 Binyavanga shi ma ya fito ya ce an ba kyautar girman da ya wuce nata, alhali cibiyoyin adabi na gida suna fama da rashin kuɗi da rashin kulawa. Wasu sun ce ya ci amanar hannun da ya ciyar da shi. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ya shafe shekara goma yana neman kuɗin buga mujalla yana da hurumin jin zafi in ya ga hankalin kowa na kan liyafar dare ɗaya a Ingila.

Duk da haka ban yarda da zargin gaba ɗayansa ba, kuma dalilina daga gida yake. A 2013, huɗu daga cikin biyar ɗin ƙarshe 'yan Najeriya ne, biyu daga Arewa: Abubakar Adam Ibrahim ɗan Jos, da Elnathan John ɗan Kaduna. Labarin Elnathan sunansa ma da Hausa yake, Bayan Layi, kan yaran da ke kwana a titi waɗanda 'yan siyasa ke ɗauka aikin daba lokacin zaɓe. In aka bi ma'aunin masu suka, wannan shi ne ainihin labarin talauci da ake cewa ana rubuta wa Turawa. Amma duk wanda ya taɓa ganin zaɓe a garuruwanmu ya san yaran nan, ya san inda suke kwana, ya san abin da ake ba su. Rubuta wahala ba laifi ba ne in da gaske marubuci ya san ta. Laifin yana zuwa ne in ƙofa ɗaya ce tak ake shiga, har kowa ya koma yanka rigarsa daidai faɗin ƙofar. Maganin wannan kuwa ƙarin ƙofofi ne. Namwali Serpell 'yar Zambiya, da ta ci a 2015, ta nuna nata rashin jin daɗin ta wata hanya: ta raba kuɗin da sauran huɗun da suka kai ƙarshe tare da ita, ciki har da Elnathan John, wanda ya sake shiga jerin a wannan shekara, domin a ganinta rubutu ba tsere ba ne.

Kwani? ta yi ƙoƙarin buɗe tata ƙofar. Ta shirya gasar littattafan da ba a taɓa bugawa ba, ga marubutan Afirka na gida da na waje, aka sanar da sakamako a 2013. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce Jennifer Nansubuga Makumbi 'yar Yuganda, da littafin da aka buga a Nairobi a 2014 da sunan Kintu. Labarin wata zuriya ce ta masarautar Buganda da la'ana ke bi tun daga 1750 har zuwa 2004, cike da sunaye da al'adun Baganda, kuma bai tsaya yi wa baƙo bayani ba, zamanin mulkin mallaka ma kusan tsallake shi ya yi. Mawallafan Birtaniya sun ƙi shi da farko. A Kampala da Nairobi kuwa masu karatu suka rungume shi, sai da sunansa ya cika yankin sannan aka buga shi a Amurka a 2017, a Birtaniya a 2018. A 2018 ɗin Makumbi ta sami kyautar Windham-Campbell ta Jami'ar Yale, dala 165,000. Cikin waɗanda suka kai jerin ƙarshe a gasar ta Kwani? akwai Ayobami Adebayo 'yar Najeriya, da rubutun da ya zama Stay With Me, wanda ya fito a 2017 ya kuma kai zagayen ƙarshe na babbar kyautar marubuta mata ta Birtaniya.

A dubi yadda tafiyar ta juya. A 2002 Ingila ce ta zaɓa, Nairobi ta yi murna. A 2013 Nairobi ce ta zaɓa, Amurka da Landan suka biyo baya bayan shekara huɗu zuwa biyar. In za a tambaye ni wace ce babbar karramawar da Kwani? ta samu, wannan zan nuna, duk da cewa babu wanda ya miƙa mata kambu a kai.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ciwo. Mujallar adabi ba ta cika rayuwa da cinikin kanta ba, ko a Turai. Kwani? ta dogara ƙwarai da tallafin gidauniyoyin waje, kuma mai ba da tallafi yana canza alƙibla lokacin da ya ga dama. An yi niyyar mujallar ta riƙa fitowa a kai a kai, amma a shekaru fiye da goma fitowarta ba ta kai goma ba, daga tsakiyar shekarun 2010 kuma ayyukan cibiyar suka yi sanyi sosai. Lambobin yabon da aka tara ba su biya kuɗin haya ba, ba su biya albashin edita ba. Wannan ba sabon ciwo ba ne a Afirka. Transition, wadda Rajat Neogy ya kafa a Kampala a 1961, ita ce mujallar da manyan marubutan wancan zamani suka yi ta muhawara a cikinta, sai a 1967 aka gano cewa ƙungiyar da ke tallafa mata tana karɓar kuɗi daga hukumar leƙen asirin Amurka, a 1968 gwamnatin Milton Obote ta ɗaure Neogy. Yau mujallar tana fitowa ne daga Jami'ar Harvard. Labarin Tope Folarin da ya ci Caine a 2013 a cikinta ya fito, wato mujallar da aka haifa a Kampala ta ci kyautar Afirka daga Amurka.

Binyavanga ya rasu a Nairobi ranar 21 ga Mayun 2019, yana da shekara 48. Amma tun kafin nan irin da aka shuka ya riga ya tsiro a wata gonar. A 2013 Kwani Trust da mujallar Granta da British Council sun shirya wa matasan marubuta taron horo a Nairobi. Waɗanda suka halarta suka ƙi watsewa bayan taron, suka kafa ƙungiyarsu mai suna Jalada, suna wallafawa a intanet, inda babu kuɗin takarda balle na dakon kaya. A 2014 Okwiri Oduor, matashiya daga wannan zubin na marubutan Nairobi, ta zama 'yar Kenya ta uku da ta ci Caine. Makena Onjerika ta biyo a 2018, Idza Luhumyo a 2022. Ƙasar da aka ce adabi ba ya tsiro a cikinta ta ci sau biyar.

Jalada ta kuma taɓa wurin da Caine ba ta cika isa ba, wato harsunan gida. A 2016 ta ɗauki wani gajeren labari da Ngugi wa Thiong'o ya rubuta da harshen Kikuyu, ta sa aka fassara shi zuwa harsunan Afirka kusan talatin a fitowa ɗaya, kuma Hausa na cikinsu. Ita ma Caine tana karɓar fassara: a 2017 Bushra al-Fadil ɗan Sudan ya ci da labarin da ya rubuta da Larabci, Max Shmookler ya mayar da shi Turanci, aka raba kuɗin tsakanin marubuci da mai fassara. Ke nan labarin da aka rubuta da Hausa a Kano ko Zariya ko Damagaram shi ma yana da hanyar shiga, in ya sami mai fassara, ya kuma sami mujallar da za ta buga shi ta cike masa takardar gasa kafin ranar rufewa.